Raɗin Sunan Duwatsun Sama, Daga Palermo Zuwa Senegal

A daren 1 ga Janairu 1801, wani limamin cocin Katolika mai suna Giuseppe Piazzi yana kan aikinsa a cibiyar nazarin taurari ta Palermo, a tsibirin Sisili, yana bin taurari ɗaya bayan ɗaya yana rubuta mazaunin kowanne. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan haske da babu shi a kundin da ke gabansa. Washegari ya sake dubawa, ya tarar hasken ya gusa. Ya fara zaton tauraro mai wutsiya ne, ko da yake bai ga wutsiyar ba. Ya yi ta binsa har 11 ga Fabrairu, rashin lafiya ta kwantar da shi, daga baya kuma abin ya kusanci rana, haskenta ya rufe shi. Da ba don Carl Friedrich Gauss ba, wani matashin masanin lissafi na Jamus mai shekara 24, da wataƙila an daɗe ba a sake ganinsa ba. Gauss ya ɗauki 'yan ma'aunan da Piazzi ya bari, ya fitar da hanyar da abin yake bi wajen kewaya rana, ya ce a duba wuri kaza. A watan Disamba na shekarar aka duba, aka same shi a nan.

Piazzi ya raɗa masa suna biyu a haɗe, Ceres Ferdinandea. Ceres abar bautar Rumawan da ce, wadda suke jingina wa noma da hatsi, kuma Sisili ake ɗauka ƙasarta. Ferdinand kuwa shi ne sarkin da ke mulkin tsibirin. Masanan sauran ƙasashen Turai suka karɓi rabin farko, suka yi watsi da na biyu, don ba su ga dalilin da za su riƙa ambaton sarkin wata ƙasa duk lokacin da suka ɗaga kai sama ba. Ke nan tun a kan dutse na farko aka soma gardamar wanda ya cancanci a ɗora sunansa a kan abin da ba mallakar kowa ba ne, da kuma wanda ke da ikon ɗorawa.

Ceres, mai faɗin kilomita 940 ko kusa da haka, shi ne mafi girma a cikin tarin duwatsun da ke kewaya rana tsakanin Mars da Jupita, ragowar kayan da ba su haɗu sun zama duniya ba. A lokacin babu wanda ya san tari ne. Heinrich Olbers, wani likita a Bremen, ya gano Pallas a 1802, Karl Harding ya gano Juno a 1804, Olbers ya ƙara da Vesta a 1807, ya bar wa Gauss ya zaɓi sunan. Duk huɗun sunayen mata ne daga tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa, kuma littattafan zamanin sun lissafa su a jerin duniyoyi. Daga nan sai shiru na shekara 38, har wani tsohon ma'aikacin gidan waya a Driesen, Karl Hencke, wanda ya shafe shekara 15 yana nema da ɗan madubinsa na hangen nesa, ya gano Astraea a 1845. Bayansa duwatsun suka riƙa fitowa kusan kowace shekara. Sai aka ga alamun zane da ake ba kowanne sun yi yawa, aka koma sa musu lamba bisa jeri tun wajen 1851, kuma wannan lambar ce har yau take zuwa gaban suna.

Dutse na 12 ne ya tayar da ƙura. John Russell Hind ya gano shi daga Landan a watan Satumba 1850, ya kira shi Victoria, alhali sarauniyar da ke kan gadon Ingila sunanta ke nan. Benjamin Gould, editan wata mujallar masana taurari a Amurka, ya ƙi buga sunan, ya riƙa rubuta Clio a madadinsa. Hind ya tsaya a kan cewa abar bautar Rumawa ta nasara yake nufi, kuma lallai akwai ta a tatsuniya da wannan suna. Sunan ya zauna. Kowa dai ya fahimci an sami ƙofa, ba a kuma daɗe ba aka daina fakewa. A 1852 aka sa wa dutse na 20 suna Massalia, tsohon sunan birnin Marsai na Faransa, karo na farko da aka bar tatsuniya aka ɗauki gari. A 1857 Hermann Goldschmidt, mai zane ne da ke duba sama daga tagar gidansa a Paris, ya kira na 45 Eugenia, sunan matar Napoleon na Uku, babu wata kwana-kwana. Shekara 141 bayan haka, a 1998, aka gano wannan dutse yana da ɗan wata da ke kewaya shi, aka kira shi Petit-Prince don tunawa da ɗanta tilo, wanda ya mutu a 1879 a ƙasar Zulu yana tare da sojojin Ingila.

Al'adar sunan mace ta yi ƙarfin da ko namiji za a karrama sai an lanƙwasa sunansa. Goldschmidt ya so girmama Alexander von Humboldt a 1858, sai dutse na 54 ya zama Alexandra. Haka aka yi ta yi shekaru da dama, ana liƙa wa sunayen maza da na birane wasalin ƙarshe irin na mata.

Kuɗi ma ya shigo. Johann Palisa na Biyana, wanda ya gano duwatsu 122 da ido ta cikin madubi, ya sanar a 1885 cewa zai sayar da haƙƙin raɗa suna a kan fam 50, don ya tara kuɗin tafiya kallon husufin rana na shekara mai zuwa. Dutse na 250 ya zama Bettina, sunan matar attajirin banki Albert von Rothschild. Yau wannan ciniki haramun ne a dokar masana, amma ina ganin bai kamata a yi wa Palisa hukunci da gaggawa ba. Binciken sama tun asali aikin mai tsada ne, kuma da yawa daga sunayen ƙarni na 19 godiya ce ga wanda ya biya. Max Wolf na Heidelberg, wanda a 1891 ya fara gano dutse ta hanyar ɗaukar hoto, ya kira wannan dutse na 323 Brucia, saboda Catherine Wolfe Bruce, wata Ba'amurkiya da ta ba da dala 10,000 aka ƙera masa madubi. Hoto ya sauya aikin gaba ɗaya. A da sai mutum ya haddace sama ya lura da baƙon haske. Yanzu sai a bar faranti a buɗe na sa'o'i, taurari su fito ɗigo-ɗigo, dutse mai tafiya ya bar ɗan layi. Wolf shi kaɗai ya gano fiye da 200, tatsuniyoyin Girkawa kuma suka fara ƙarewa.

Sunan namiji tsantsa ya shigo ne ta hannun duwatsun da suka saɓa hanya. A 1898 Gustav Witt ya gano wani daga Berlin wanda ke ratsowa kusa da duniyarmu, aka kira shi Eros, mai lamba 433. A 1906 Wolf ya gano wani da ke tafiya a kan hanyar Jupita kanta, can gabansa, aka kira shi Achilles. Da aka ga ire-irensa ƙungiya biyu ne, ɗaya gaban Jupita ɗaya bayansa, sai aka raba musu sunayen jaruman yaƙin Troy, Girkawa a gaba, mutanen Troy a baya. Biyu sun riga tsarin samun suna, shi ya sa har yau Hektor na Troy yake zaune a sansanin Girkawa, Patroclus Bagirke kuma a sansanin Troy. Ba a gyara ba, don suna idan ya shiga kundi ba a cika taɓa shi ba.

Abin da ya fi burge ni a wannan zamani shi ne yadda masu aikin suke tuna junansu. Da lissafi ya kai dubu, duwatsun da aka gano a 1923 suka zama 1000 Piazzia, 1001 Gaussia da 1002 Olbersia, wato mai gani, mai lissafi, da likitan Bremen, a jere. Akwai kuma Gustav Stracke, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a ofishin lissafin falaki na Berlin yana fitar da hanyoyin duwatsun da wasu suka gano, aikin da babu mai yi masa tafi. Karl Reinmuth na Heidelberg ya ɗauki duwatsu takwas a jere, daga 1227 zuwa 1234, ya ba su sunaye, akasarinsu na tsirrai: Geranium, Scabiosa, Tilia, Riceia, Auricula, Cortusa, Kobresia, Elyna. Idan aka tsinci harafin farko na kowanne, sai a karanta G. Stracke.

Yawan duwatsu ya tilasta a yi doka. An kafa Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya a 1919, kuma tun 1925 ake bin tsarin alamar wucin gadi da ake amfani da shi yanzu. A 1947 aka buɗe Cibiyar Ƙananan Duniyoyi a Cincinnati ƙarƙashin Paul Herget, ta koma Cambridge ta jihar Massachusetts a 1978 ƙarƙashin Brian Marsden. Duk wanda ya ga sabon dutse can yake aika ma'aunansa. Cibiyar sai ta ba shi alama mai shekara da haruffa biyu. Harafin farko yana nuna rabin watan da aka gan shi, na biyu da lambar da ke binsa suna nuna matsayinsa a jerin wannan rabin wata. A gidajenmu jariri kwana bakwai yake jira a yanka rago a raɗa masa suna, amma dutsen sama yakan yi shekaru, wani ma gommai, yana amsa wannan alama. Sai an sake ganinsa a zagaye daban-daban, galibi sau huɗu ko fiye, an tabbatar ba zai ɓace ba, sannan a ba shi lamba ta dindindin. Daga ranar da ya sami lamba, wanda ya gano shi yana da shekara goma ya kawo suna tare da taƙaitaccen bayanin dalili. Wani kwamiti na masana daga ƙasashe daban-daban ya duba ya jefa ƙuri'a, kuma suna ba ya zama suna sai an buga shi a sanarwar kwamitin, wadda tun 2021 take fitowa a mujallarta ta kanta.

Sharuɗɗan ba su da yawa. Kada suna ya wuce harafi 16, ya zama ana iya furta shi a wani harshe, kada ya zama zagi, kada ya yi kama da wanda ake da shi, kada ya zama tallar haja. Ba a son sunan dabbar gida, kuma wannan ya biyo bayan James Gibson ne, wanda a 1985 ya sa wa dutse na 2309 sunan kyanwarsa, Mr. Spock. Sharaɗin da ya fi nauyi shi ne na 'yan siyasa da mayaƙa: ba a sa sunan wanda aka fi sani da mulki ko yaƙi sai ya shekara ɗari da mutuwa. Kafin dokar, dutse na 852 ya riga ya zama Wladilena, daga sunan Vladimir Lenin. A ganina wannan sharaɗi hikima ce babba. Mun sha ganin tituna da filayen jirgi suna canza suna da canjin gwamnati, kuma kundin da duniya duka ke karantawa ba zai jure wannan ba. Shekara ɗari ta isa masu fadanci da masu gaba su kau, a ga abin da mutum ya bari.

Yawancin mutanen da ke cikin kundin ba masu mulki ba ne. Bayan kumbon Challenger ya tarwatse ranar 28 ga Janairu 1986, an ba duwatsu bakwai a jere, daga 3350 zuwa 3356, sunayen mutum bakwai da suka mutu a ciki, har da Christa McAuliffe, malamar makaranta, da Ronald McNair, baƙar fata masanin kimiyyar lissafi da haske. An yi wa mutanen da suka mutu a kumbon Columbia a 2003 irin wannan, daga 51823 zuwa 51829. Akwai mawaƙa da marubuta, akwai ɗaliban sakandare da suka yi fice a gasar kimiyya tare da malamansu. A 2015 Amy Mainzer ta hukumar NASA ta sa wa dutse na 316201 suna Malala, saboda yarinyar Pakistan da aka harba don ta nace sai 'ya'ya mata sun yi karatu. Dutsen Bennu kuma, wanda kumbon OSIRIS-REx ya ɗebo ƙasarsa ya kawo duniya ranar 24 ga Satumba 2023, wani yaro ɗan shekara tara ne ya zaɓa masa sunan wani tsuntsu na tatsuniyar Misira a gasar da aka yi a 2013.

Mai karatu Musulmi zai tarar da malaman da ya sani. Dutse na 2755 Avicenna ne, wato Ibn Sina. Na 8318 Averroes, wato Ibn Rushd. Na 9936 Al-Biruni, na 11156 Al-Khwarismi, na 12621 Alsufi, don Abdurrahman al-Sufi da ya rubuta littafin siffofin taurari wajen shekarar 964. Masanan cibiyar Crimea ta zamanin Tarayyar Sobiyet ne suka sa 2439 Ulugbek, jikan Timur da ya gina cibiyar nazarin taurari a Samarkand, da 3095 Omarkhayyam. Stefano Sposetti, ɗan Suwizalan da ke binciken sama don sha'awa, ya sa wa wanda ya gano a 1999 suna Alhazen, wato Ibn al-Haisam na Basra, mai Kitab al-Manazir. Akwai mace ma, 7060 Al-'Ijliya, maƙeriyar na'urar auna taurari da ta yi aiki a Halab a ƙarni na 10, a fadar Saif al-Daula, wadda ba don Ibn al-Nadim ya ambace ta a Fihrist ba da babu wanda zai san ta rayu. Dutse na 200020 kuwa Cadi Ayyad ne, sunan jami'ar Marrakesh, ita kuma ta ɗauko shi daga Alƙali Iyad, mai littafin Ashafa da ake karantawa a masallatanmu da azumi. Abin farin ciki ne ganin waɗannan sunaye. Sai dai duk wanda ya bi diddigi zai lura kusan dukkansu baƙi ne suka sa su, daga Rasha da Turai da Amurka, domin doka ta ba mai ganowa haƙƙin suna, mai ganowa kuwa shi ne mai madubi.

Haka Afirka ta shiga kundin. Cyril Jackson, haifaffen Ingila da ya tashi a Afirka ta Kudu, ya gano duwatsu 72, akasari daga cibiyar Johannesburg a shekarun 1930, ya kuma riƙa ɗebo sunaye daga taswirar da ke gabansa: 1193 Africa, 1278 Kenya, 1279 Uganda, 1430 Somalia, 1432 Ethiopia, 1816 Liberia. Ya sa sarakuna biyu, 1246 Chaka na Zulu da 1357 Khama na ƙasar da ta zama Botswana. Taswirar tasa ta mulkin mallaka ce, shi ya sa ƙasar da aka sani da Zimbabuwe tun 1980 har yanzu tana sama a matsayin 1197 Rhodesia.

Wani dutsen kuma ƙasarmu ta Afirka ce ta ba shi suna bayan ya mutu. Ranar 6 ga Oktoba 2008, Richard Kowalski ya hango wani ɗan dutse mai faɗin mita huɗu daga Arizona, aka ba shi alamar 2008 TC3, wato na 78 da aka gani a rabin farko na Oktoba. Lissafi ya nuna duniya ya nufo, kuma ƙasa da kwana ɗaya bayan haka, da asubahin 7 ga wata, ya fashe a saman hamadar Nubiya a arewacin Sudan. Wannan ne karo na farko da aka ga dutse a sarari aka faɗi inda zai faɗo kafin ya faɗo. Bai rayu ya sami lamba ba, balle suna. A watan Disamba Muawia Shaddad na Jami'ar Khartoum da Peter Jenniskens suka jera ɗalibai sahu-sahu suna taka rairayi, suka tsinto gutsattsarinsa, waɗanda a ƙarshe suka kai wajen 600. Dutsen da ya faɗo ƙasa dokarsa daban ce, sunan wurin da ya faɗa yake ɗauka, sai aka kira su Almahata Sitta, tashar jirgin ƙasa ta shida a kan layin Wadi Halfa. Ta wannan doka ce ƙauyen Zagami na lardin Katsina ya shiga littattafan kimiyya, bayan wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi ranar 3 ga Oktoba 1962, daga baya bincike ya nuna daga Mars ya fito.

A 'yan shekarun nan labarin ya ɗan sauya. Kumbon Lucy, wanda NASA ta harba ranar 16 ga Oktoba 2021 zuwa sansanonin Troy da ke kan hanyar Jupita, sunansa na ƙwarangwal ɗin da aka tono a Hadar ta Habasha a 1974 ne. Da aka ga zai bi ta kusa da wani ƙaramin dutse mai lamba 152830, sai aka sa masa Dinkinesh a 2023, sunan da Habashawa suke kiran ƙwarangwal ɗin da shi. Kumbon ya wuce ta gefensa ranar 1 ga Nuwamba 2023, ya tarar yana da ɗan wata, aka kira shi Selam.

Kafin kumbo ya tunkari dutsen da ke nesa haka, sai an san girmansa da siffarsa da ainihin inda yake. Hanya ɗaya ita ce a jira lokacin da zai gifta ta gaban wani tauraro. Inuwarsa takan faɗo a wani siririn yanki na duniya na 'yan daƙiƙoƙi, sai a baza mutane da ƙananan madubai a faɗin yankin, kowa ya auna tsawon lokacin da tauraron ya ɗauke a inda yake, a haɗa ma'aunan su ba da siffar dutsen. A watan Agusta 2018 irin wannan inuwa ta ratsa Senegal, ta dutsen da daga baya aka sa wa Arrokoth, wanda kumbon New Horizons ya nufa. Maram Kaire, shugaban ƙungiyar yaɗa ilimin taurari ta Senegal, shi ya jagoranci shirin a ƙasar, inda masana 'yan Senegal suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa da na Amurka da Faransa, a tsakiyar damina, ana fargabar hadari. An sake yi a 2020 don dutsen Polymele, da 2021 don Orus, waɗanda kumbon Lucy ya nufa. A 2021 ɗin ne kwamitin ya amince da suna 35462 Maramkaire, a kan wani dutse da Alain Maury ya gano a Faransa a 1998, ya zama ɗan Senegal na farko da ya sami haka, yana raye yana kan aikinsa. A 2023 aka naɗa shi shugaban hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasar.

Duwatsun da aka sani yanzu sun haura miliyan ɗaya, ɗaruruwan dubbai suna da lamba, amma masu suna ba su wuce dubu ashirin da 'yan kai ba, don manyan na'urorin da ke share sama kowane dare suna ganowa fiye da yadda mutane ke iya raɗawa. Lucy kuwa yana kan hanya. Bisa jadawalin NASA zai isa Polymele a watan Satumba 2027, ya isa Orus a watan Nuwamba 2028, kuma cikin ma'aunan da aka tsara tafiyar da su akwai waɗanda aka ɗauka a ƙauyukan Senegal.